Shaidu Biyu a Kan Cikin Kailu

Filinge, Nuwamba 1984

Zuwa ga Habsa ɗiyar kawu Idi, a asibitin Damagaram.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mariama tana gaishe ki. Yaranmu lafiya lau, in ban da autan da ƙyanda ta taɓa, ya kuwa tashi. Ni ma da sauƙi, zan zo kan wannan.

Kafin ki karanta abin da ya sa na rubuto, ina so ki tuna wanda yake rubutowa. Shekarar da aka sauke tutar Faransa na bar kwalej ina aji na biyu, don baba ya rasu kuma ba wanda ya ce mani ci gaba, ga ni bayanka. Ke gwamnati ta ɗauki nauyinki har kika sa farar riga. Ni karen mota na yi a hanyar Yamai, ina kwana ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya. Da idona na koyi kwance inji, ba wanda ya zaunar da ni ya nuna mani. Na rubuta wa mutane wasiƙu a kasuwa bisa gwiwata. Daga tebur na yi kanti, daga kanti na kafa injin niƙa na farko a unguwarmu, daga nan na sayi kamyo nawa na kaina. Rijiyar siminti da matan unguwa ke ɗiba yau, ni na gina ta. Na kai inna Makka ta dawo. A cikin duk wanga, ki nuna mani mutum ɗaya a ƙasar Kurfai da zai ce ya tallafe ni.

Kin san halin da ake ciki. Damina ta leƙo ta koma, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Mutanen arewa sun sauko sun kafa bukkoki bayan gari, matan ƙauye suna jiƙa 'ya'yan anza na daji don su samu abin ci. Da jar dawar taimako ta fara zuwa, kumandan mai mulkin gari ya tara dattawa ya ce su ba shi mai karatu wanda ba ya bukatar hatsin kowa, ya riƙe magaza, ɗakin ajiyar dawar. Ba su yi dogon tunani ba.

Ni kuwa ban raba da sunan gida ba, da baki na raba. Gida gida na shiga, wanda na gani da idona shi na auna wa. Garba ƙanen mai unguwa ya zo neman rabon 'yan'uwansa da suka tafi ci-rani Kurmi tun bara, na ce in sun dawo su zo da bakinsu. Daga ranar ya fara yawo da magana, wai dawar da na hana tana fita cikin kamyona zuwa kasuwar Baleyara. Dattawa suka ce in share. Ban share ba. Ni da kaina na ce a kawo Alƙur'ani. Ranar Juma'a bayan an sallame na sake alwala, liman Malam Hamidu ya riƙe, na ɗora hannu gaban jama'a na rantse ban ci ƙwaya ɗaya ba, in kuwa na ci, Allah ya nuna ta a cikina.

To, Habsa, wata bai cika ba na yi aman jini a ƙofar magaza, gaban layin mata.

Ciwon ya daɗe. Ke ma kin san tun ina tuƙi nake shan kanwa da asfirin in ya taso. Amma wa zai tuna da wannan yanzu? Bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. 'Yar loma kaɗan sai in ji na cika. Wando ba ya tsayawa sai da ɗauri. Gari kuwa ya gama shari'arsa: rantsuwa ta kama Kailu. A masallaci ana barin gurbin mutum tsakanina da na kusa da ni. An karɓi makullin magaza, wai don in huta. In Mariama ta isa rijiya sai hira ta mutu.

Wani direba ya ce mani an kawo wata na'ura Yamai, tiyo mai fitila da ake zura wa mutum a ga cikinsa ba tare da an yanka ba. Gaskiya ne ko zancen tasha ne? In gaskiya ne, mutum nawa ke iya leƙawa? Tambaya ta biyun ita ce babba.

Ba taimako nake roƙo ba, tambaya na yi.

Kailu Magagi

Damagaram, Disamba 1984

Zuwa ga bawana Kailu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai aiki da ya yi mana yawa, yaran yunwa har a baranda. Ka gaishe mani da Mariama, ka ce na ji abin da take gani.

Na karanta tarihinka, kamar yadda nake karanta shi a kowace wasiƙa. Ka tsallake wadda ta riƙa sato maka fura daga ɗakin uwarta lokacin kana karen mota. Ba komai, ɗan mace bai taɓa gode wa ɗiyar namiji ba, ban sa rai daga kanka za a fara ba. Maganar dawa kuwa, ko a mafarki ban zaci ka ci ba. Girman kanka ba zai bar ka ka yi sata ba ko da kana so.

Direbanka bai yi ƙarya ba. Fibro muke ce mata. Baƙin tiyo ne mai kaurin ɗan yatsa, da haske a bakinsa. Za a fesa maka magani mai ɗaci a maƙogwaro ya mutu, a sa maka zoben roba tsakanin haƙora don kada ka ciji kayan gwamnati, ka kwanta ta hagu, ka haɗiye. Lokotoro, wato likita, yana hura iska ciki ya buɗe, yana leƙawa ta wancan bakin. Za ka yi gyatsa, za ka yi hawaye, ba za ka mutu ba. In ya ga abin da bai gane ba, sai ya zura siririyar waya ya tsinko ɗan nama a kai a auna.

Daga sallar isha'i ta jajibiri kada komai ya shiga bakinka. Fura ma komai ce. Goro ma. Kanwa da asfirin kuwa ka bar su tun daga yau, su ke ƙara maka jinin. Ka nemi majo Salisu, babban ma'aikacin jinya a asibitin Yamai, tare muka yi karatu, na rubuta masa. Kada ka jira sai ka gama faɗa da Garba, aman jini ba ya jiran kowa.

Akwai ido na biyu da ake maƙalawa don ɗalibai su gani tare da lokotoro. Na amsa maka don ka tambaya. Amma na san ka, kuma tambayar ba ta kwanta mani ba.

Uwargijiyarka,
Habsa

Filinge, Janairu 1985

Habsa,

Ina gaishe ki da aiki. Gida lafiya. Bawa kuma ki nema a wani gidan.

Na je, na dawo. Ban tafi ni kaɗai ba, kin riga kin gane. Takardar asibiti da Faransanci ba za ta yi mani komai ba a Filinge, za a ce mai kamyo ya saye ta. Shari'a shaidu biyu take so, masu ido. Sai na ɗauki Malam Hamidu da ya riƙe Alƙur'anin, da Garba da ya jawo shi. Malam ya yi ta nauyin jiki, na ce masa wanda ya riƙe farkon magana shi ke riƙe ƙarshenta. Garba kuwa kafin in rufe baki ya ɗauko hularsa.

Hanya ba ta kallo ba ce. Gawar shanu hagu da dama tun daga bakin gari. A Baleyara fatu sun fi dabbobi yawa, saniyar da ta rage a tsaye ba mai taya ta. Nan Garba ya sayi tsire ya zauna kusa da ni a gaban mota yana ci, yana tambayata ko zan taɓa.

Salisu mutumin kirki ne, amma da ya ga mu uku sai ya dafe kai. Lokotoron yaro ne, bai daɗe da dawowa daga Dakar ba. Ya ce abin da ke cikin maras lafiya sirri ne, doka ba ta yarda wani ya gani ba. Na tambaye shi da Faransancin da na bari a aji biyu, sirrin wa? Cikin nawa ne ko na gwamnati? Na ba shi labarin tun daga magaza. Ya dubi Malam, ya dubi Garba, ya ce bai taɓa jin irin wagga ba, amma in na sa hannu cewa ni na nema, to. Na sa.

Duk abin da kika faɗa haka ya kasance, sai dai kin rage. Ba ki ce mani mutum zai ji kamar ana tura masa sanda har ƙirji ba. Ba ki kuma ce ba zan iya magana ba. Ina kwance, yawu na zuba, mutane uku suna zancena a kaina, ni ko uffan. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mani haka ba.

Garba ya fara leƙawa. Ya ja baya da sauri, ya ce wannan ai tumbin ragon layya ne. Salisu ya ce to naka ma haka yake. Malam ya cire hula ya sa ido ya daɗe. Lokotoro yana juya tiyon yana gaya masu, nan maƙogwaro ne, nan ƙofar ciki, nan lafiya lau, nan ma. Sai ya tsaya. Ya ce ga shi, gyambo ne, kamar faɗin babban yatsa, daga nan jinin ke fita. Ya tsinki nama wuri biyu ko uku, ban ji komai ba.

Da aka zare, na samu murya, abin da na fara tambaya shi ne ko an ga dawa. Lokotoro ya yi dariya, ya ce ba dawa, ba laya, ba komai sai gyambo, kuma irinsa yana gani kullum. Ya rubuta mani ƙwayoyi, ya hana barkono da goro da taba, ya ce in dawo bayan wata biyu a sake dubawa, yawancin irinsa yana rufewa. Ya ƙara wata magana wai gefen gyambon ya yi kauri, shi ya sa zai aika naman waje a auna. Aikinsu ke nan, sai sun samu abin faɗi.

A hanyar dawowa Garba ya ce shi bai ga abin da ya wanke ni ba. Wai ai ni na ce Allah ya nuna a cikina, ga shi ya nuna, gyambon shi ne rantsuwar. Na juya ga Malam. Ya ce shi gyambo ya gani, bai ga wanda ya sa shi ba. Garba ya ce ai kowa a Kurfai ya san ciwon rantsuwa ba ya jin magani, sai ya kai mai shi ƙasa.

Nan ya ba ni abin da nake nema. Ranar Juma'a na miƙe a inda na yi rantsuwar. Na ce kun ji abin da shaidu suka gani. Kun ce ciwon rantsuwa ba ya jin magani, na yarda. Zan sha magani wata biyu, in koma da mutanen nan biyu su sake leƙawa. In gyambon ya rufe, Garba ya tsaya nan ya janye maganarsa, a mayar mani da makulli. In bai rufe ba, ku kira ni ɓarawo, ni da ɗiyana, ba zan amsa ba.

Da kin ga fuskar Garba.

Kailu

Damagaram, Fabrairu 1985

Kailu,

Muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, wani abu nake jira kafin in amsa.

Kada ka koma da su. Ka tafi Yamai yanzu, ba sai wata biyun sun cika ba, kai da Mariama kaɗai. Maganar da ka yi a masallaci ka janye ta, ka ce zafin rai ne, kowa ya san ka da shi. Akwai abin da ba na so Garba ya gani, kuma ba zan sa shi a takardar da ke bin hannun direbobi ba. Ka ji maganata sau ɗaya a rayuwarka.

Habsa

Filinge, Fabrairu 1985

Habsa,

Gaisuwa. Muna nan yadda kika bar mu.

Kullum motar Yamai ta shigo sai na aika tasha, makonni ba komai, sai ga 'yan layukanki da ba su cika rabin shafi ba. Na karanta, na gane. Ba sai kin ɓoye a bayan direbobi ba. Abin da ba kya so Garba ya gani, shi ne abin da Garba ke faɗi. Kin zauna kin auna, kin ce wa ya sani, yunwa ce, mutum da kamyo da makulli a hannu. Ke da kika rubuta da hannunki cewa ko a mafarki ba ki zata ba. Na Filinge ban damu da su ba, jiya suka san ni. Ke kin san ni tun ba ni da takalmi.

In janye? In miƙe gaban mutanen da suka ji ni, in ce wasa nake? Wanda ya janye ya amsa laifi ke nan, ko yaro ya san wannan. In kuma na saɓa hanya na tafi ni kaɗai, kafin in kai garin Damana an ce na gudu.

Don ki sani, maganin yana aiki. Zafin ya kwanta, jinin ya tsaya. Ranar kasuwa na zauna ƙofar kanti na ci shinkafa gaban kowa, a hankali, har na side kwano. Abin da ya biyo baya da na shiga gida ba ruwan kowa da shi. Mutum biyu da suka daina gaishe ni sun dawo suna gaishe ni. Wanda aka ba makullin kuwa da sunan gida yake rabo, rabon waɗanda ke Kurmi yana shiga gidan mai unguwa, matan bukkoki suna komawa da ƙwarya wofi. Wannan ba wanda ya nemi a kawo Alƙur'ani a kansa.

Ranar da na sa ba ta motsa ba. Ba sai kin amsa ba.

Kailu Magagi

Damagaram, Maris 1985

Kailu ɗan gwaggo,

Ina gaishe ka da jiki. Wagga takarda na ba wata ma'aikaciyarmu da za ta Yamai, daga can Salisu zai sa ta hannun wanda ya yarda da shi. Ka karanta kai kaɗai.

Kai wawa ne, kuma laifina ne da na yi maka magana a rufe, na manta da wanda nake yi. Ba dawa nake nufi ba. Ban canza ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a kanka ba. Da na ga ka rubuta cewa gefen gyambon ya yi kauri, ka wuce kamar ba komai, na san akwai magana. Sakamakon naman nake jira, shi ya sa na yi shiru. Ya dawo, Salisu ya kira ni ta waya. Na so a gaya maka a zaune, da Mariama kusa. Ka hana.

Ba gyambon da ƙwaya ke rufewa ba ne. Kansa ce, abin da mutanenmu ke ce wa daji. Ƙwayoyin suna kwantar da zafi, shi ya sa kake jin sauƙi, amma ba za su rufe shi ba ko ka sha buhu. Maganinsa aiki ne, a yanke wajen da ya taɓu a haɗa sauran. In an yi da wuri akwai waɗanda ke shekaru suna cin tuwonsu. Kowane mako da ka ƙara don jiran ranar da ka sa, daga naka kake ragewa.

Ciwon nan ya riga rantsuwarka, ya riga magaza, ya riga farin ma. Na yi jinyar tsohuwa mai tasbaha da shi, na yi jinyar malamin lakwal, ɗan boko da bai kai arba'in ba. Ba ya tambayar abin da mutum ya ci na wa ne. Kai kuma ka je ka ɗaura sunanka da na yaranka a jikinsa.

In sun leƙa za su ga bai rufe ba. Wannan kaɗai nake so in kare ka daga gare shi. Ka tafi a yi maka aikin, ka dawo da ƙafarka, tafiyarka a kasuwa ta ishe su amsa. Ina neman izini a wurin aiki, in an ba ni zan zo.

Habsa

Yamai, Maris 1985

Habsa,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Daga gadon asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun. Mariama tana nan tare da ni, ta ce a gaishe ki. Na gaya mata. Ta ce ta daɗe da sani ba ƙaramin abu ba ne, ita ke wanke kwanon.

Wasiƙata ta baya ki yaga ta. Iyakar abin da za ki samu daga gare ni ke nan, kada ki jira ƙari.

Takardarki ta same ni, na gane duk abin da ke ciki, kuma kin yi gaskiya. Amma na zo da su. Na matso da ranar kamar yadda kika ce, wannan na ji. Sauran ban iya ba. Ni na ce wa mutane shaidu za su sake leƙawa. In na hana su don na san abin da za su gani, to na zama mai ɓoye abu a ciki, abin da ake zargina da shi ke nan tun farko.

Ban bari sun gani ba shiri ba. A Baleyara na sa aka tsaya, na gaya masu abin da aka samu a naman da sunan ciwon. Garba ya ce na fara neman ƙofar fita. Na ce da ƙofa nake nema da ba ka cikin motar nan.

Wanga karon tiyon bai ba ni wuya ba, na san hanyarsa. Gyambon bai rufe ba. Ya ƙara faɗi. Garba ya leƙa, bai yi maganar rago ba. Ya daɗe fiye da wancan karon, ya miƙa wa Malam, ya fita. Da aka maido ni ɗaki ya tsaya daga ƙofa ya ce Allah ya ba da lafiya, idonsa a ƙasa, ya tafi tasha. Yanzu haka labari ya isa Filinge. Ba zai yi ƙarya ba, ba ya bukata. Ni na ba shi da bakina.

Malam Hamidu bai bi shi ba. Ya sa Salisu ya yi masa tafinta, ya tambayi lokotoro tun yaushe abin nan yake. Lokotoro ya ce kafin ya kai haka ya fi shekara, mai yiwuwa da yawa. Malam ya sake tambaya, wato tun kafin dawar taimako ta zo? Ya ce tun kafin. Sai Malam ya zo ya zauna bakin gadona. Na ce to, Malam, me za ka faɗa a masallaci? Ya ce abin da ya gani da abin da ya ji, duka biyun, ba zai rage ko ɗaya ba, wanda ya so ya ɗauka.

Sannan ya ce, "Rantsuwarka tana tsakaninka da Allah, Kailu. Wa'adin wata biyu kuwa kai ka yanka, ba Shi ya sa maka hannu ba."

 

Jibi za a yi aikin. Sun ce sai dangi sun ba da jini kafin a shiga. Na Mariama bai isa ba, ita ma farin ya taɓa ta. Ina cikin cewa a nemo direbana, sai na ga Malam yana naɗe hannun riga yana bin Salisu. Ban roƙe shi ba, ki rubuta wannan ki ajiye. Da ya dawo yana dafa bango na ce masa mutane za su ce liman ya ba ɓarawo jininsa. Ya ce su ce.

Ban san abin da Filinge za ta yanke ba. Wasu za su bi Garba, wasu za su tsaya su ji Malam. Makulli ba zai dawo ba. Sharaɗin da na kafa na faɗi a kansa, ba zan yi gardama ba, na ce ba zan amsa ba kuma ba zan amsa ba. Amma ban ci dawar ba, kuma wanda ya ci ba zai kwanta ya buɗe baki a zura masa fitila gaban mai ƙararsa, balle ya sake kwantawa yana sane da abin da za a gani.

Ga abin da nake so ki yi, kuma wanga karon roƙo ne. Lokacin dubawa lokotoro ya maƙala abin ɗaukar hoto a idon tiyon ya ɗauki gyambon. Ya ce zai riƙa koya wa ɗalibai da shi, don su san bambancin wanda ke rufewa da wanda ba ya rufewa. Na ce madalla, a nuna mani. Salisu ya kawo kwalin da za a manna hoton. Lamba ce a kai, da shekaruna, da harafi biyu. Na tambayi ina sunana, suka ce doka ta hana, don a rufa mani asiri. Wane asiri ya rage mani, Habsa? Ni na kawo mutane suka leƙa. Na yi da lokotoro har ya gaji ya fita.

Ke kin san harshensu. Ki rubuto masa, ki kira shi ta waya, ki ce mai cikin ya yafe sirrin, zai sa hannu a duk inda ake so. A rubuta ƙarƙashin hoton da manyan baƙaƙe: Kailu Magagi, na Filinge, wanda ya riƙe magaza shekarar fari, ya buɗe cikinsa gaban shaidu ba wanda ya tilasta shi. Duk yaron da zai koyi ciwon nan a kaina, ya fara karanta sunana tukuna.

In na fito, ni zan duba da idona. In ban fito ba, ki hau mota ki zo ki tsaya a kansu har su rubuta.

Kailu Magagi